Sawun Yatsu a Bangon Gwaggo

Shekara ashirin da ƴan kai na yi ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon garinmu, can tsakanin Gangara da Tanut, amma in ka tambayi waɗanda suka bi ta hannuna, ba karatun za su fara tuna maka ba. Ƙananan gidajen da nake ginawa da laka a kan katako za su tuna. Da fari don in nuna wa yara tudu da kwari na soma, da inda ruwa ke bi in an yi sama. Daga baya abin ya zame mini jaraba, har uwar ɗakina ta riƙa cewa ta auri ƙaton mutum mai furfura da ke wasan ƙasa. Ban taɓa musa mata ba.

Ginin ba shi ne aikin ba. Kowa ya iya dunƙula laka ya ce ga ɗaki. Aikin yana wajen launi, domin babu bangon da yake launi ɗaya sai a idon wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba. Gindin bango yana da duhu, wurin da ruwan indararo ke fantsama. Daidai ƙugu yana da santsi, wurin da awaki ke susar jiki. Saman ya koɗe da rana. Bangon gabas kuwa, wanda ruwan sama ke duka kowace damina, kullum ya fi sauran tsufa ko da rana ɗaya aka gina su. Fentin gwangwani ba na ko kallonsa, yana sa gida ya yi ƙyalli kamar kwanon da aka wanke. Jar ƙasa nake niƙawa, da farar ƙasa, da toka, da gawayi, in dama su da ruwan ƙaro don su kama. Abin shafawar kuma gashin wutsiyar akuya ne da nake ɗaurewa a gindin gashin kaza. Sai in fara da mai duhu in bari ya bushe, sannan in ɗebi mai haske in goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, in share sama-sama don ya kama tudun yaɓe kaɗai. In ina son zanen da ruwa ke bari, ɗigo ɗaya na ruwan toka nake sawa a saman bango in ƙyale shi ya gangara da kansa. Tsaga kuwa da ƙayar aduwa nake ja.

Na faɗi duk wannan ne don a san ba aikin ganin dama nake yi ba. Ina da girman kai a kan abin nan, kuma girman kan ne ya kai ni ya baro ni.

Wata shekara, bayan an gama ɗaure gero, wani froje, irin shirin nan na raya ƙasa, ya zo da maganar hanya. Za a zuba jar ƙasa daga babban titi ta ratsa cikin gari har kasuwa, don manyan motoci su daina kafewa a rairayi. A taron da aka yi ƙofar mai gari, da bakinsu suka ce ba za a taɓa gidan da mutum ke ciki ba, kangaye da filaye kawai hanyar za ta ci. Kowa ya ji. Wanda ke riƙe da aikin wani saurayin injiniya ne daga Damagaram, mai takalmi mai tsini, waya ba ta barin hannunsa. Ya ji labarina, ya same ni a lakwal, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce, "Mushe, maket nake so. Garin nan kaf, a ƙanƙance a kan katako, kowane gida yadda yake, don manyana su gani ba sai sun zo ba."

Kowane gida yadda yake. Haka ya ce, kuma haka na ɗauka.

Sati shida na yi. Kowace la'asar in an tashi yara, sai in shiga gari da littafi, ina ƙirga taku daga bango zuwa bango, ina duba inda indararo yake da wajen da ƙofa ke kallo. Rumbuna na yi musu hula da ciyawa, dangogi da tsagin karan gero, itatuwa da soso da na rina, rairayin ma daga tudun bayan gari na ɗebo na tankaɗe. Mutane suka riƙa leƙowa suna neman gidajensu. Wata maƙwabciyarmu ta ga na nuna dangarta a kwance, ta yi mini tatas, wai na tona mata asiri a gaban baƙi. Na ce mata ta je ta tada dangar in tada tawa. Ta tafi tana tsaki, washegari kuwa ta tayar.

A tsakiyar gari, kusa da tsohuwar rijiya, akwai gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ɗa ɗaya gare ta, taubashina, tare muka tashi. Bahago ne, kuma tun muna yara na sa shi gaba da tsiya a kan haka, in ce masa hannun da ake tsarki da shi ne yake wa mutane aiki da shi, shi kuma ya ce gara shi, ni hannu biyu gare ni amma alli kaɗai suka iya riƙewa. Magini ne na ƙwarai. Shekara tara kafin zuwan frojen nan ya yi wa uwarsa yaɓen bangon gaba, wanda ke kallon yamma, ya wanke hannu, bayan kwana biyu ya hau mota ya yi arewa neman aiki. Ya yi waya sau biyu a watannin farko. Daga nan shiru, ba labarin rai ba na mutuwa.

Wanda ya san yaɓe ya san hannu na barin sawu. Mai yi yana ɗebo laka ya manna, ya ja tafinsa a lanƙwashe, yatsu huɗu su bar layi huɗu, ɗaya kan ɗaya har bango ya cika. Tun tafiyarsa Gwaggo ta hana a sake taɓa bangon nan. Sauran bangaye duk shekara kafin damina mukan je mu yaɓa mata, amma na gaba, ko kusa. In hadari ya haɗo sai ta rataya masa tsofaffin tabarmi da zana, in ruwa ya ɗauke ta kwashe. Duk da haka shekara tara ba wasa ba ce. Ya koɗe ya yi fari, ya tsage wuri uku, kusurwar sama ta zube. Garin nan babu wanda bai san dalili ba, har ƴan mata masu tallan fura sun sani. Da hantsi takan fito ta zauna a gindinsa tana tsinkar zogale, wani lokaci ka ga ta miƙa hannu baya ta shafa shi ba tare da ta waiga ba.

Da na zo kan gidanta a maket, sai na ce a raina yau zan nuna iyakar abin da na iya. Na je na tsaya gaban bangon na ƙare masa kallo, na koma gida. Ƙaramin ɗakin bai fi kwalin ashana biyu ba. Na yi masa launi hawa huɗu, na ɓantare kusurwar sama da farce, na ja tsagun nan uku kowace a wurinta. Sannan, tun lakar tana da ɗan danshi, na ɗauki ƙaya na zauna rabin yini ina jan sawun yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, har idanuna suka yi ja. Da na gama na ja baya na dube shi. A duk katakon babu gidan da ya kai shi.

Ranar da injiniya ya zo gani, na shirya bayani kamar zan ba da darasi. Ko minti biyar bai yi ba. Ya hau kan benci, ya ɗauki hoto daga sama, ya sauko ya ɗauki biyu daga gefe, ya ce, "Mushe, hannunka na da kyau." Na buɗe baki zan fara nuna masa unguwa unguwa, wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana magana da Faransanci. Direbansa da wani suka ɗauki katakon suka sa a bayan mota. Tambaya ɗaya bai yi mini ba.

Bayan sati uku wasu ma'aikata biyu suka zo da gwangwanin jan fenti da takarda. Ina cikin aji aka aiko mini in zo. Ko da na isa, sun riga sun wuce. A tsakiyar bangon Gwaggo, bisa sawun yatsun nan, ga ƙaton gicciye ja, fentin yana ta zuba ƙasa. Gwaggo tana rijiya lokacin da suka yi. Na same ta tsaye da wuƙar yankan kuɓewa tana kankare fentin, kuma duk inda ta kankara yaɓen ne ke ɓallowa ya faɗo. Na riƙe hannunta na ce, "Gwaggo, bari, ƙara ɓata shi kike." Ta dube ni ta ce, "An ce a abin wasanka suka ga gidana kango ne."

Ban san lokacin da na isa buron frojen ba, ɗakin da suka kama haya a bakin kasuwa. Na tarar da injiniya yana shan shayi. Na ce masa gidan da suka sa wa ja akwai tsohuwa a ciki, da awakinta biyar, da tukunyarta a kan murhu. Ya jawo hoton a wayarsa, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya nuna mini.

"Mushe, dubi da kanka. Duk sauran gidajen da yaɓensu, wannan ya zube. Kai ka yi shi haka."

"Haka yake shi ya sa na yi shi haka. Kai ka ce kowane gida yadda yake."

"To ai shi ke nan. Abin da ka nuna muka bi."

Ka ji fa. Wai abin da na nuna suka bi. Daga buron nan zuwa ƙofar Gwaggo taku ɗari biyu da sittin ne, ni na ƙirga su da ƙafata lokacin da nake aikin. Na ce masa ya tashi mu je ya gani, ko shayinsa ba zai huce ba kafin mu dawo. Ya ce ba a nan matsalar take ba, taswira ta riga ta tafi wajen manya, an sa hannu, shi ba ya iya taɓa ta. Na ce to a ba ni maket ɗin in gyara gidan, in shafe shi da sabon launi. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda ke lallashin tsoho, ya ce hoton ne ya tafi, katakon yana ɗakin ajiya, ko na yi masa fentin zinariya ba abin da zai sauya. Abu ɗaya ya rage, in ji shi: ranar Alhamis mai zuwa wasu manya za su bi layin hanyar a mota su tabbatar, duk gidan da suka ga alamar mutum a cikinsa za su soke shi daga takarda.

Na cika na batse. Na gaya masa maganganun da malamin lakwal bai kamata ya faɗa ba, kuma har yau ban yi nadamar ko ɗaya ba. Mutum ya yi karatu har ya zama injiniya, amma bai san a garin Damargu kango ba ya da ƙofa a rufe ba, ba ya da sharar tsintsiya a gabansa. Duka biyun na sa su a maket ɗin, ƙofar ma da guntun gwangwanin madara na yi ta. Bai gani ba saboda bai duba ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Mushe," ya koma kan wayarsa.

Muka je wajen mai gari, ni da Gwaggo. Dattijo ne mai kirki, amma ya sha ganin irin waɗannan baƙi. Ya ce, "Ni zan yi magana, amma ku ji gaskiya. Mutanen nan daga cikin mota suke kallo, gilashi a rufe. In suka ga jan nan a kan tsohon bango, wucewa za su yi, mota mai rusau ta biyo bayansu. In suka ga sabon yaɓe, ba wanda zai ce kango ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, sai ta zauna a ƙofa su gan ta." Ya ce, "In sun zo da hantsi. In suka zo tana rijiya fa, ko suka sauya rana ba su faɗa ba?" Duk mun san suna yin haka.

Muka fito. A hanya na yi ta kawo dabaru, a rataya tabarmi, a ɗaure awaki a ƙofa, in kwana uku ina gadi. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "In aka rushe gidan, in ya dawo ina zai same ni?" Ta ce in turo mata jaki biyu na laka ranar Talata.

Ranar Talata da safe na zo da niyyar kawo magini. Ta ce ba ta son magini. Ta riga ta kwaɓa lakar da ƙaiƙayi da ƙafarta, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, zanenta duk ya ɓaci. Ta ce, "Kai za ka yi. Kai ka san bangon, tun da ka tsaya ka kalle shi." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na tuɓe riga na fara daga ƙasa. Tana miƙo mini laka a tsohon kwano ina mannawa, ina rufe sawun hannun ɗanta da nawa, layi bayan layi. Ban iya yaɓe ba, taubashina ya yi gaskiya. Kafin azahar bangon ya zama jawur kamar na kowa, gicciyen ya ɓace, sawun taubashina ma ya ɓace. Ta ɗebo ruwa ta zuba mini na wanke hannu, ta shiga ciki ta rufe ƙofa.

Manyan suka zo ranar Alhamis ɗin kuwa, da hantsi, mota biyu. Ina tsaye nesa kaɗan, Gwaggo tana zaune a ƙofa. Motar gaba ta tsaya, wani mai tabarau ya sauke gilashi rabi, ya dubi takardarsa, ya dubi Gwaggo. Bangon ko kallonsa bai yi ba, ina tsaye ina ganin idonsa. Ya ce, "Inna, nan kike zaune?" Ta ce, "Nan nake." Ya ja layi a takarda, gilashi ya koma sama, suka wuce. Hanyar ta kauce ta bi ta bayan tsohuwar rijiya, inda ba kowa, inda tun farko ya kamata ta bi.

Tambaya ɗaya ke nan fa. Kalma uku. Abin da injiniya zai iya yi da ƙafarsa tun ranar farko, abin da masu jan fenti za su iya yi kafin su buɗe gwangwani. Mutane suka riƙa zuwa yi wa Gwaggo barka, wasu har suna yaba mini yaɓe. Ni kuwa kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Har yau in na bi ta hanyar nan a kan babur, raina ɓaci yake, kuma hanya ce mai kyau, ba na hana ta.

Da frojen ya gama ya tattara, sai na tuna akwai wuri ɗaya da bangon nan ya saura. Na je wajen mai gadin buron na ce ina son ganin katakona. Ya ce an hana a fitar da kayan froje. Na ce ban ce zan fitar ba. Ya buɗe mini ɗakin ajiya. Ga maket ɗina a jingine bayan tayoyin mota, an ɗora masa buhun siminti a gefe ɗaya, unguwar mahauta duk ta murƙushe, gara ta cinye dangogin. Aikin sati shida. Amma gidan Gwaggo yana nan, ƙura kawai ya yi. Na zaro wuƙar aljihu na ɓamɓare shi daga katakon na sa a hula. Mai gadi ya juya baya yana kallon kasuwa, Allah ya saka masa.

Na same ta a gindin sabon bangon, wurin zamanta na da. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ga wani abu." Na hure ƙurar na ɗora mata a tafin hannu. Ba zan ɓoye ba, har a lokacin ina jin wani ɗan alfahari, ina jiran ta ga tsagun nan uku da kusurwar da ta zube ta san ban bar komai ba.

Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Ta sa farcen babban yatsa ta bi sawun da na ja da ƙaya, a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Sai na ga ta tsaya, ta sake bi.

Ta ce, "Wannan hannun dama ne."

Ban gane ba. Ta ajiye gidan a cinyarta, ta ɗaga hannun hagu ta ja shi a iska, a lanƙwashe, yadda mai yaɓe ke yi. Sannan ta ɗaga na dama ta ja, ya lanƙwasa ta ɗaya gefen.

"Nasa haka suke tafiya. Naka ka yi."

Ni da na shekara talatin ina masa tsiyar hagun nan. Na tsaya gaban bangon na ƙirga tsaga, na auna kusurwa, na koma gida na bar hannuna ya ja abin da ya saba. Na zagi injiniya a kan bai duba ba.

Na ce, "Kawo in gyara, Gwaggo. In jiƙa shi in sake ja."

Ta ce, "Da me za ka gwada?"

Na ɗaga kai na dubi bangon da ke bayanta. Daga ƙasa har sama sawun hannuna ne. Ta ƙulle ƙaramin gidan a bakin zanenta, ta jawo faifan zogalenta ta ci gaba da tsinka.